Kwabban Baba da Tokar Inna

Daren Laraba, Guangzhou

Barci ya ƙi zuwa. Da yamma na biya shagon Lawban, dattijon da nake sayen tsofaffin sulalla a wurinsa, ya ce kamfanin da ke tantance su ya sauya ma'auni. A da ko an goge sule, sai a rage masa maki a rufe shi cikin roba. Yanzu babu maki sam, "an goge" kawai za a rubuta. Na ce ba sassauci? Ya ce, "Meyo," wato babu a Sinanci.

Alhaji Sani na Maraɗi, da muke wannan tarin tare, murna yake yi. Wai gara haka, 'yan damfara sun daɗe suna wanke sulalla suna cutar mutane.

Bai san kwabbai masu huda na marigayi Baba suna hannun kamfanin ba. Duk jajibirin Sallah Inna kan dirje su da toka da lemun tsami, tana ba mu labarinsa.

Gobe zan karɓo su. Ba makin ne ya dame ni ba. Tsoro nake in ga an rufe aikin hannun Inna cikin roba, an rubuta masa laifi.