Na Auna Kowa a Rugarmu Ban da Mahaifiyata

Anti Bahijja, assalamu alaikum. Don Allah ki taimaka mini da shawara, wannan matsalar babu ita a littattafanmu.

Ni ɗalibin likitanci ne, ina aji biyar a Kano, gidanmu kuma wata ruga ce a bayan Gwiwa. Karatun ba ya ba ni tsoro. Na wuce lokacin da warin ɗakin gawa ke hana ni cin abinci. Na saba da bin babban likita gado-gado tun safe har ƙafa ta yi tsami, ya jefo tambaya a gaban marasa lafiya, in amsa ko in sha faɗa. Dattijon da ban taɓa gani ba sai in zaunar da shi in tambaye shi har yadda yake fitsari, kuma ya gaya mini. Mutum ɗaya ce ta gagare ni, ita ce wadda ta haife ni.

Ni ne ɗan farinta, kin kuwa san kunyar ɗan fari a wajenmu. Ana yaye ni kakata ta ɗauke ni. Adda nake ce mata kamar wata yayata, ita kuma ba ta taɓa kama sunana ba, "wancan yaron" take cewa. In na gaishe ta, tana kallon ƙwarya take amsawa. Ban taɓa jin haushi ba, domin duk mai zuwa Kano sai ta ba ƙanwarta, Inna Mairo, man shanu ta ce a kai wa 'yan makaranta. Ni kaɗai ne 'yan makarantar.

Hutun da ya wuce na ga abin da ya tayar mini da hankali. Ƙafafunta sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Daga rijiya zuwa gida sai ta tsaya tana haki, ta ma daina kai nono kasuwar Gwiwa. Ƙannena sun ce yanzu a jingine take barci. Anti, na sha ganin irin wannan a asibiti, zuciya nake zargi.

Na je da abin awon jini. Ruga ta taru ana ta "Likita, Likita", na auna Baffa mahaifina, na auna 'yan'uwansa, har maƙwabta. Da na ga Adda za ta wuce, sai na kira ta a gaban jama'a na ce ta kawo hannunta. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗaki, ba ta sake fitowa inda nake ba har na tafi. Da na buɗe jakata a Kano, sai ga man shanun a ciki.

Jarrabawa ta matso, in na buɗe babin zuciya ƙafafunta nake gani. Abokina Halliru ya ce in ajiye wata al'ada, in je da mota in sa ta a gaba. Ina tsoron in na matsa ta ƙi asibitin gaba ɗaya, ina kuma tsoron in yi shiru in rasa ta ina ji ina gani. Yaya zan yi?

Ɗan farin Adda, daga Gwiwa

Wa'alaikumus salam, ɗana.

Halliru ya yi gaskiya a abu ɗaya: wannan ba ciwon jira ba ne. Ni ba likita ba ce, amma kumburin ƙafa da haki ba a bar su sai an gama jarrabawa. A cikin makon nan ya kamata a gan ta. Inda ya kuskure shi ne mota da sa ta a gaba. Matar da ta shige ɗaki saboda ka nemi hannunta ba za ta zauna kusa da kai daga Gwiwa har asibitin Kazaure ba.

Kai ma ka yi gaggawa, ka ji ana ta kiranka Likita kanka ya ɗan yi girma. Amma ba ƙin ka ta yi ba. A ganinta, miƙa maka hannu a gaban surukai zubar da mutuncin da ta daɗe tana riƙewa ne. Kuma ko a asibitinku an san ba a so likita ya duba mahaifiyarsa, ballantana ɗalibi. Ba awonka take buƙata ba, hanyar asibiti take buƙata.

Ka kira Baffanka yau, ka gaya masa abin da ka gani dalla-dalla, ba tare da Turanci ba. Shi ne zai ce ta shirya. Sannan ka kira Inna Mairo, ita za ta raka ta. Kai kuma ka yi abin da ka iya: ka nemo likita mace a Kazaure ta hannun manyanka, ka sanar da ita alamomin tun kafin su iso. Ka gaya wa Inna Mairo, in numfashi ya tsananta kada a jira rana, a kama hanya nan take. In ka je, ka tsaya daga waje. In an rubuta magani, ka koya wa Inna Mairo yadda ake sha, ita ta koya mata.

Kada ka ajiye jarrabawarka. Da zarar ta shiga hannun likita, koma wa babin zuciyar nan ka karanta shi da kyau, akwai iyayen wasu suna jiranka.

Shekara da shekaru tana aiko maka da saƙo ta hannun Inna Mairo, kuma ba ka taɓa kasa gane shi ba. To, ka mayar da naka ta hanyar da man shanun yake zuwa, za ta gane. Allah ya ba Adda lafiya, ya sa ta ga ranar da "wancan yaron" zai karɓi takardarsa, ko da ta ƙasan mayafi ne.

Taka, Anti Bahijja