Ɗakin da Ƙadangare Ya Ƙi Hawa

Zuwa ga 'yata, ɗiyar ƙanwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗanki, abokina mai rarrafe, wanda na ji ya fito da haƙora tun bai zo mun gaisa ba. Ki ce ya ajiye mini biyu, nawa sun ƙare. Mu nan sai godiya. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji, kin san wannan ita ce alamar lafiyarta.

Maganar ɗakin da kika aiko a gyara muku ce ta sa na ɗauki biro, wanda za ku sauka ciki da yaron idan kun zo hutu. Kin san masu haƙar ma'adinai na kan tudu. In sun fasa dutse sun ɗebi abin da suke so, ragowar sukan jibge ta tsibi-tsibi, kuma ruwan saman da ya wanke tsibin nan ba na sha ba ne. Shi ya sa suka haƙa lambatu ya kewaye su, yana kai ruwan wani tafki a gindin tudu, dattin ya kwanta can. Da rani tafkin ya ƙafe, ya bar wata laka mai laushi, tana ɗan ƙyalli. Dogo magini ya shiga ta inda shanu suka karya wayar da aka kewaye tafkin da ita, ya murza ta a hannu, ya rantse bai taɓa ganin ƙasar yaɓe irinta ba. Da ita ya yaɓe ɗakinki ciki da waje, har daɓe. Maƙwabta suka zo kallo, suka koma da amalanke da jakuna, suka yi ta yagar gaɓar tafkin.

Ɗaki kam ya yi kyau. Mahaifiyarki ce ta fara cewa ya cika shiru. Na ce mata ɗakin da ba kowa ai shiru ne aikinsa. Sai da na zauna a ƙofarsa wani hantsi sannan dariyar ta koma ciki. Ƙadangare zai taho a guje kan katanga, yana isa inda sabon yaɓe ya fara sai ya ja birki, ya gyaɗa kai kamar an yi masa magana, ya juya. Babu yanar gizo a kusurwa, zanzaro bai yi gini ba, jerin tururuwa ma kwana yake yi ya bi ta bayan kicin. A tatsuniyoyin da aka rene mu da su, in matafiyi ya tarar da gida a share tas, babu ko ƙuda, to nan ne ba a kwana.

Da damina ta kankama sai bangon ya fara gumi launin tsatsa, in ya bushe ya bar farin gari kamar gishiri. A share yau, gobe ya sake tsirowa. Kazar nan mai 'ya'ya ta yi tono a gindin bangon. Yanzu ita kaɗai take yawo tana kiran waɗanda ba su amsawa. Sai aka yi babban ruwa, gaɓar tafkin ta ɓalle daidai inda aka yage ta, kome ya gangaro rafi. Ki ga ruwan yanzu, garau kamar hawaye, duwatsun ƙasa sun yi jawur, babu kifi, babu ko ɗan tsako na kwaɗo. Kin tuna yadda kwaɗi ke hana mu jin juna da magariba? Bana har numfashin mutum kana ji.

Wata mata mai gwajin ruwa ta zo daga wajen haƙar da kwalabenta. Ba ta yi ɓoye-ɓoye ba, ta ce lakar nan ita ce ainihin abin da aka yi tafkin don ya tsare, kamata ya yi su kwashe ta su binne tun kafin damina, su kuma gyara wayar, amma suka yi sakaci. Ta kankari bangonki ta zuba a leda, ta tambayi wa zai kwana ciki. Da na faɗa mata, ta dubi daɓen ta ce, “Baba, mai rarrafe da baki yake sanin duniya.”

Yanzu suna ɗaure gaɓar da duwatsu, sun lulluɓe tsibin da tamfol, suna dasa ciyawa a gangaren, kuma motarsu na bi gida-gida tana kwashe lakar. Namu kaɗai ya rage. Mahaifiyarki ta tsaya kai da fata, ta ce ɗakin 'yarta ne, ba mai sa masa diga sai mai shi ta yi magana. Ita a ganinta turare da addu'a sun isa. Addu'a muna yi, amma ko Allah Ya ce tashi in taimake ka. Na sa wa ƙofar kwaɗo, makullin yana aljihuna.

Don Allah ki aiko mata da kalma ɗaya, ki ce a rushe. Ku zo hutunku, ku sauka ɗakina. Bangonsa ya tsage, gizo-gizo ya mallaki kusurwoyi, ƙadangaru na faɗowa daga rufi ba sallama. Sai bana na san arziki ne.

Goggonki Ƙarama da Auta suna gaishe ku. Dogo ma ya ce a gaishe ki, a kuma ba ki haƙuri. Tafin hannunsa har yanzu saɓa yake yi. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan abokina. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne,
Kawunki.