Kujerar Inna da Aka Kwance a Ganou

Daga: Alhaji Abdoul Karim Mansour, mai fataucin goro, Djougou

Zuwa ga: Mai girma Shugaban Ƙungiyar Makanikai da Masu Walda ta Haɗin Kai, Parakou

Litinin, 26 ga Mayu, 2025

Game da: Ƙorafi kan shiga gidan Sanoussi Mansour da ke unguwar Ganou a Parakou ba izini, da lalata gyaran da ya yi wa motar iyalinsa, da ƙwace kayan aikinsa

Mai girma Shugaba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa gare ka da sauran dattawan ƙungiya, da fatan Allah ya taya ku riƙo, ina neman izinin gabatar da kukan gidanmu a gabanka.

Ni ne babban ɗa a gidanmu. Na ɗauki alƙalami ne a madadin ƙanena Sanoussi, mai sayar da atamfa a kasuwar Arzèkè. Ni na hana shi rubutawa da kansa, domin na ga abin da ya fara rubutawa, kuma ba kalamai ba ne da za a ajiye a teburin babban mutum. Duk abin da ke ƙasa na ji shi daga bakinsa da bakin matarsa Kadidjatou, wasu kuma na gani da idona.

1. A cikin azumin 2023 ɓarin jikin mahaifiyarmu na hagu ya shanye. Sunanta Hajiya Fatimatu Zahra, mu Inna muke kiranta. Likitoci suka ce sai an riƙa kawo ta Parakou daga Djougou ana yi mata gashi. Motar da muke da ita ita ce kat-kat ɗin Sanoussi, wadda ya sayo ta hannu daga Cotonou don iyalinsa da kayan shagonsa. Mota ce mai tsayi. Kafin Inna ta shiga sai maza uku sun tallabe ta, ɗaya a hammata, biyu a ƙafafu, zane na zamewa, masu wucewa na kallo. Wannan mace ce da tun rasuwar mahaifinmu babu namijin da ya ga ko ƙwaurinta. Ba a daɗe ana haka ba ta ce ta yafe maganin. Ta koma ɗaki ta juya fuska bango.

2. Ina so a lura da wannan, ranka ya daɗe: Sanoussi bai raina sana'arku ba. Wurin 'yan ƙungiyarku ya fara zuwa. Ya bi gareji-gareji yana bayanin abin da yake so, wato kujerar da za ta juyo ta fuskanci ƙofa, ta ɗan sauko, yadda tsohuwa za ta zauna daga kekenta na guragu ba sai an ɗaga ta ba. Wasu suka ce ba sa irin wannan aiki, kuma sun faɗi gaskiya, ba mu da magana da su. Malam Kabirou, sakataren ƙungiyarku, shi ne ya ce zai yi. Ya riƙe motar tun daga Satumba har Oktoban 2023 ya ƙare. Da Sanoussi ya je ɗauka bai tarar an taɓa ko noti ɗaya ba, sai man da ke tanki da ya ƙare, da warin doya a bayan motar. Malam Kabirou ya ce masa, gaban yaran gareji, mai ciwon shanyewa tabarma ta fi masa kujera. Sanoussi ya haɗiye wannan magana ya karɓi makullinsa.

3. Daga nan ya ɗaura niyyar yi da hannunsa. In ya taso daga kasuwa sai ya zauna da waya yana kallon yadda mutanen wasu ƙasashe ke irin wannan aiki, yana zanawa a bayan kwalin atamfa. Kadidjatou ta auna Inna da awon tela, daga gwiwa zuwa ƙasa, daga ƙugu zuwa kafaɗa, domin shi ba zai iya ba. Ya sayi sifanoni da injin huji da jak da kuɗinsa. Ya samo tsohuwar kujerar bas daga masu sayar da kayan kwance. Inda aikin ya fi ƙarfinsa, wato haɗa ƙarfen da kujerar ke juyawa a kai, ya kai wa Malam Tahir mai walda, ɗan ƙungiyarku mai kati, aka yi ciniki ya yi masa. Sau biyu ƙarfen yana lanƙwashewa ana sakewa. Har yau akwai tabon ƙuna a hannun Sanoussi na dama.

Bai tsaya a kujera ba. Ya sa matakala mai naɗewa a ƙarƙashin ƙofa, da mariƙi a inda hannun Inna mai lafiya zai kai. Ya canza ƙarafan da ke rage girgiza saboda ramukan hanya. Ya cire kujera ɗaya ta baya ya yi wa keken guragu mazauni da maɗauri. Ya ɗinka labule, ya sa ƙaramar fanka, ya ɗaura 'yar jarkar ruwa mai famfo don alwala. Kafin ya yarda Inna ta hau, ya ɗaure buhun masara a kujerar ya yi ta zagaya unguwa, sannan ya hau da kansa matarsa na juya shi. Bayan haka ya kai motar inda hukuma ke duba lafiyar motoci, aka duba aka ba shi takarda. Kwafinta na haɗe da wannan wasiƙa.

4. A watan Fabrairu 2024 ya kawo motar Djougou. Ina tsaye a ƙofar gida Inna ta zame daga kekenta zuwa kujerar, babu mai riƙe da ita sai surukarta Kadidjatou. Ta gyara mayafinta da kanta. Ba asibiti ta ce a fara kai ta ba, cewa ta yi a kai ta Onklou wurin yayarta Nana Khadija, wadda ita kaɗai ta rage mata cikin 'yan ɗakinsu. Tun daga lokacin Inna ta koma gashi, ta fara ɗaga hannun hagu, tana zuwa suna da ta'aziyya kamar kowace tsohuwa. Wannan shi ne laifin da ƙanena ya aikata.

5. Da mutane suka ga motar sai suka fara zuwa tambaya. Wani maƙwabci mai 'ya gurguwa ya zo, Sanoussi ya buɗe masa ƙofa ya nuna masa komai, ya ba shi zanen, ya ce ya kai wa duk mai waldar da ya ga dama. Bai taɓa kwance noti a motar wani ba, bai taɓa karɓar ladan kowa ba. Duk wanda ke da shaidar akasin haka ya fito ya faɗa a gabanka, mu ma muna son ji.

6. Ranar Asabar 10 ga Mayu, 2025, da hantsi, Malam Kabirou ya zo gidan Sanoussi da mutum huɗu. A makon Inna tana gidan saboda gashi. Maigidan yana kasuwa, ya tafi a zem, wato babur ɗin haya, ya bar motar a tsakar gida, domin saƙo ya zo daga Onklou cewa jikin Nana Khadija ya yi tsanani, an shirya za a kai Inna washegari da safe. Babu namiji babba a gidan. Ba su yi sallama ba, ba su zo da delege, wato mai unguwa, ba, ba su nuna takarda daga kowace hukuma ba. Malam Kabirou ya ce ƙungiya ce ta aiko su, wai ana aikin makanikanci a gidan ba kati.

Kadidjatou ta roƙe su su jira mijinta. Ta gaya musu maganar tafiyar gobe da dalilinta. Suka karɓe makulli daga inda yake rataye. Inna na zaune a kekenta ƙarƙashin mangwaro, ba mayafi a kanta domin ana yi mata kitso, ga maza biyar baƙi, ga hannu ɗaya ba ya aiki balle ta rufe kai. Tana kallo suka kwance kujerar. Inda noti ya ƙi fita suka sa guduma. Suka ɓalle matakalar, suka tsinke wayar fanka, suka kwashe akwatin kayan aikinsa kaf, har da awon telan Kadidjatou da ke ciki. Inna ta yi magana sau ɗaya. Ta ce, “'Ya'yana, ku bari in je in dawo, sai ku ɗauka.” Babu wanda ya juyo.

Mai girma Shugaba, ina tambaya cikin ladabi: mutanen nan ba uwa ce ta haife su ba?

7. Da Sanoussi ya iso ya ga ramin da aka bari a motar, maƙwabta ne suka riƙe shi. Da yamma ya je garejin Malam Kabirou da dattawa biyu, ya roƙi a ba shi aron kujerarsa, kujerar da ya yi da hannunsa, na kwana biyu kawai. Aka ce masa magana ta wuce hannu, sai kwamiti ya zauna. Ya nemi ganinka aka ce ka yi tafiya, kuma mun yarda ba ka gari.

Ranar Lahadi ya durƙusa gaban Inna ya roƙe ta ta yarda a ɗauke ta kamar da. Ta ƙi. Ta ce za ta jira, ai mutanen za su ji kunya su dawo da ita. Ta jira Lahadi, ta jira Litinin. Ranar Talata 13 ga Mayu ta ce a zo a ɗauke ta ko yaya ne. Maza huɗu suka naɗe ta a bargo suka shimfiɗe ta a bayan mota, inda ake ɗora dilar atamfa. Suna hanya aka kira Sanoussi a waya. Nana Khadija ta cika tun asuba. Kafin su isa Onklou an dawo daga maƙabarta.

Mu musulmi ne, mun san ajali ba ya jiran mota. Ba mu ce 'yan ƙungiyarku sun kashe kowa ba. Abin da muka ce shi ne tsohuwa biyu sun so su yi ban kwana, akwai lokaci, akwai mota, akwai mai, kuma mutanenku ne suka hana.

8. Ranar Alhamis 15 ga Mayu aka dakatar da Malam Tahir daga ƙungiya, aka sa kwaɗo a shagonsa, don ya yi walda ga wanda ya kawo masa aiki. Mutum ne mai iyali. Ba a kira shi an ji ta bakinsa ba.

9. Wannan shi ne wanda ya fi ƙona mana rai. Ranar Litinin 19 ga Mayu maƙwabcin nan mai 'ya gurguwa ya bi ta garejin Malam Kabirou. Ya tarar da kujerar Inna a warwatse a ƙasa, yara suna auna ƙarafanta suna yankan irinsu. Malam Kabirou ya ce masa yanzu garejinsa na irin wannan aiki, ya kawo motarsa a yi masa. Maƙwabcin ya yarda ya maimaita wannan a gabanka. Ashe ba doka aka zo karewa ba. Mutumin da ya ce tabarma ta ishi uwarmu shi ne ya shiga gida ya ɗauke mata kujera don ya koyi sana'a. Da ya yi sallama ya tambaya, da Sanoussi ya nuna masa kyauta, har ya haɗa masa da shayi.

Saboda haka, cikin girmamawa, muna roƙon waɗannan:

Na farko, a mayar da kujerar da matakalar da akwatin kayan aiki zuwa gidan da aka ɗauko su, ko a wane hali suke. Ba ma so garejin Malam Kabirou ya gyara komai a ciki.

Na biyu, a buɗe shagon Malam Tahir, a mayar masa da katinsa.

Na uku, a amsa mana a rubuce: shin ƙungiya ce ta aiki mutanen nan, ko sunanta suka ara? In ita ce, a nuna mana dokar da ta hana mutum taɓa motarsa a tsakar gidansa, da wadda ta ba makanike ikon shiga gidan matan aure.

Na huɗu, Malam Kabirou da mutum huɗun su zo Djougou su nemi gafarar Inna. Sanoussi ba ya bukatar haƙurinsu, ni ma haka. Ita suka yi wa.

Muna jiran amsarka kafin Sallar layya. In ba mu ji komai ba za mu kai maganar komisariya wurin 'yan sanda, daga can kotu, kuma ba da son ranmu ba. Ina kuma sanar da kai cewa samarin danginmu a nan Djougou da can Parakou ni nake danne su, kuma ni ma tsufa ya fara kama ni.

Inna tana Djougou yanzu. Ba ta koma gashi ba. Hannun da ya fara ɗaguwa ya sake kwanciya. Makon jiya Sanoussi ya zo ya gaya mata ya samo wasu ƙarafan, zai sake ƙera mata wata kujerar da ta fi ta farko. Ta dube shi ta ce ya daina wahalar da kansa, ba ta da sauran inda za ta je. Ya fito zaure ya zauna kusa da ni, mutum mai furfura a gemu, ya sunkuyar da kai. Duk da haka ya koma Ganou ya fara aikin, a bakin ƙofar gidansa wannan karon, inda kowa zai gani. Ina roƙonka ka gaya wa mutanenka kada wanda ya je wurin.

An aika kwafin wannan takarda ga delegen unguwar da gidan yake.

Ina roƙon afuwa in harshena ya yi kaifi a wani wuri. Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da iyayenka lafiya.

Naka cikin ladabi da girmamawa,

Alhaji Abdoul Karim Mansour
A madadin Sanoussi Mansour da iyalan Hajiya Fatimatu Zahra
Djougou