Kwalbar Binta a Maƙera

Assalamu alaikum Yaya Hajara,

Bayan gaisuwa mai yawa, yaya maigidan, yaya yara, yaya ƙafar taki? Mu nan Kiru lafiya lau, sai dai takaici.

'Yarki Binta ta zo hutu da wata kwalba, aikinta na kammala jami'a. Ƙwayoyin roba ne da ba su kai gero ba, ta lulluɓe su da ƙurar zinariya, wai suna hanzarta aikin sinadarai. Ta daɗe tana wahalarsu.

Kawu Sale kuwa zinariya kawai ya ji. Tana maƙwabta ya ɗauke kwalbar, ya kai wa maƙeri a Kwanar Dangora, aka juye a wuta. Roba ta narke, sai wari da baƙin hayaƙi. Ya dawo yana cewa, "Yarinyar nan ƙarya take, ko ɗan kunne bai fito ba!"

Yaya, babba ne, amma ko kallonsa ba na son yi. Binta ta daina cin abinci, malaminta ya ce sai ta sake daga farko.

Ki kira ta, ki sa ta a addu'a, ki gaida kowa. Kawu ma ya ce in gaishe ki. Na isar ne kawai don saƙo amana ne.

Ƙanwarki,
Rabi