Sunan Kaka a Tsohuwar Taswira

Baba,

Ina gaisuwa daga Vienna. Yaya gwiwar Mama, yaya tumaki? Lafiyata ƙalau, ƙurar ɗakin adana takardu ce kawai ke sa ni tari, kada ku gaya mata.

Jiya na warware wata taswira da sojoji suka zana shekara ɗari baya. Ga kwazazzabon kogin Tara, ga tudunmu, ga idon ruwanmu an rubuta "Ruwan Krsto", sunan kakanku. Shugabata ta ce, "Ke Vukosava, za ki jiƙa mana takarda da hawaye!"

Ga hoton taswirar. Ku kai wa maƙwabcinmu Radule mai cewa filin kiwon da ke bakin idon ruwan nasu ne. Ba sai kun ɗaga murya ba, Baba, ku ɗora yatsa a wurin kawai.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarku,
Vukosava