Murjanin Uwata da Batirin Tsohuwar Mota

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, kin kuma fara kwas ɗin naki a sa'a. Yaya gajiyar hanya, yaya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Mamanki tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko kina cin abinci a kan lokaci, don ta san halinki.

Kada ki yi mamakin ganin takarda da biro. Likita ne ya ce in riƙa rubuta shafi guda kullum don hannun damana ya saki, tunda ciwon bara ya bar shi da nauyi. Na ce maimakon in yi ta rubuta sunana kamar ɗan firamare, gara in rubuta miki. Mamanki za ta ɗauki hoton takardar ta tura miki a waya. In kin ga baƙaƙen suna rawa, ba sanyi suke ji ba.

Amanarki tana nan ƙalau. Kowace safiya nakan tsaya gaban akwatin gilashin nan na falo, ina bin takardar da kika manna a bango layi-layi: in duba ma'aunin zafi, in ƙara tataccen ruwa zuwa zanen da kika yi, in ba kifaye abin da yatsu biyu suka ɗauko. Har yau Mamanki ba ta yarda murjani halitta ce mai rai ba, ita wanda ta sani na wuya ne. Ta ce shekara shida kina renon duwatsu a ruwan gishiri, da kaji kika kiwata da yanzu mun gaji da ƙwai. Amma jiya na kama ta ta ja kujera tana kallon koren murjanin nan mai kaɗawa kamar ciyawa, har tana yi wa kifayen nan biyu masu ruwan lemo faɗa wai sun cika rawar kai.

Yanzu ga abin da ya taso. Kamfanin wuta sun manna sanarwa a bakin layi cewa za su sauya taransifoma da manyan wayoyin unguwa, daga Litinin zuwa Laraba babu wuta ko ƙyas. Na ga inda kika rubuta da jan biro cewa in ruwan ya daina motsi na 'yan awoyi iskarsa ƙarewa take, kifi ya fara mutuwa, murjani ya biyo baya. Na gwada ɗan injin kumfar da kika bari, mai cin batirin tocila. Ga akwati mai shan jarka goma sha biyar, kumfarsa iyakarta kusurwa ɗaya. Na'urar da ke riƙe wa kwamfutarki wuta kuma na jona mata famfon kaɗa ruwa ɗaya na sa agogo, awa biyu da 'yan mintuna ta fara kuka, ta mutu.

Kada hankalinki ya tashi. Shekara talatin da ɗaya na yi ina wayarin mota. Cikas ɗaya ne: akwatin kayan aikina yana ɗakin ajiya, makullin kuma yana hannun Mamanki tun ranar da aka sallamo ni daga asibiti. Ki kira ta ki sa baki.

Allah ya yi miki albarka.

Ni ne,
Babanki

*

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatu yana shiga. Ki gyara zama, labarin yau da tsawo. Amma bari in fara kwantar miki da hankali: kifayenki bakwai, bakwai suke har yanzu.

Ban san me kika faɗa wa Mamanki ba, amma ranar Lahadi ta miƙo min makulli da sharuɗɗa biyu: ba zan ɗaga abin da ya fi buta nauyi ba, kuma a zaune zan yi aiki. Da na buɗe akwatin, warin salatif da tsohon man inji ya buge ni.

Na tuna gargaɗinki cewa motsin ruwa ne farko, sai zafi, fitila kuma murjani zai iya haƙuri da rashinta kwana biyu ko uku. Don haka na bar babban famfo da fitilu, na duba ƙaramin famfon nan da ke manne a jikin gilashi yana kaɗa ruwa. Da na karanta cajarsa sai dariya ta kama ni, ashe wutar da yake ci daidai take da ta batirin mota, ba sai an bi ta inbata mai juya wuta ana asarar rabi a hanya ba. Maƙwabcinmu Tela ya cire batirin tsohuwar motata ya shigo da shi, ya kuma ara mana nasa na biyu. Na sa fis a tsakani don kada a samu kuskure a ƙone miki famfo.

Sai dai da na zo murɗa waya, yatsun suka ƙi. Sau uku tana zamewa. Na ajiye filaya na kau da kai. Mamanki ta durƙusa ta ɗauka ta ce, "Faɗa min wacce da wacce." Na ce ja da ja, baƙa da baƙa. Uwata, shekara talatin da huɗu muna tare, ban san tana da hannun aiki haka ba. Ta murɗa, ta naɗe da salatif tsaf kamar tana kitso.

Litinin da hantsi suka ɗauke wuta. Muka jona, famfo ya tashi, murjani ya ci gaba da kaɗawa. Muka wuni muna taƙama.

Talata ce ta nuna mana iyakarmu. Rana ta buɗe tun da safe, falo ya zama kamar tanda. Kafin azahar ma'auni ya haura talatin. Batir na farko ya riga ya ƙare cikin dare. Na jona fankar mota tana hura saman ruwa, ita kuma ta haɗu da famfo suka shanye batir na biyu da wuri. Na ce a mayar da na farko cikin mota a tayar da ita ya yi caji, motar ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Laifina ne, na bar shi ya yi ƙasa da yawa, alhali ni ne mai yi wa mutane faɗa a kan haka. Famfo ya tsaya. Cikin ɗan lokaci koren nan ya tsuke, kifaye suka taso sama suna buɗe baki. Ban san da wane baki zan faɗa miki ba.

Mamanki ta ɗauko sabon kofin roba, tana ɗebo ruwan tana zubo shi daga sama yana kumfa, ba tsayawa. Ta leƙa taga ta ƙwala wa matar Tela kira, suka riƙa karɓa-karɓa. Ni kuma na kira Mai Kemis na bakin titi, tunda firijinsa da sola yake aiki. Da kansa ya zo da gorunan ruwa huɗu da suka daskare, muka wanke bayansu muka saka biyu suna yawo a ciki. Can sai ga Tela yana jan janaretansa, da tef ɗin awo a wuya. Na sa ya ajiye shi can tsakar gida nesa da taga saboda hayaƙi, muka ja waya, babban famfo ya tashi, batura suka hau caji.

Tela yana share gumi ya ce, "Baba, kifin da ba a ci ake yi wa wannan hidima?" Daga nan ya tsuguna gaban gilashi, bai tashi ba sai da aka aiko daga shago cewa mai riga ya gaji da jira.

Wajen la'asar zafi ya sauka, kifaye suka koma ƙasa, koren ya fara leƙowa kaɗan-kaɗan. Laraba muka bi tsari: awa biyu janareta, sauran lokaci batir, gorunan ƙanƙara suna kai da kawowa tsakaninmu da kemis. Da yamma aka kawo wuta, unguwa ta ɗauki ihu, Mamanki ta fi kowa.

Ba zan ɓoye miki ba, shuɗin murjanin nan mai rassa ya yi fari a bakin rassa uku. Ga hotonsa nan, ki faɗa mana abin yi.

Mamanki tana gaishe ki, kafaɗarta ce kawai ke ciwo.

Naki,
Babanki

*

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Yaya jiki, yaya jarrabawa? Saƙonki ya iso, na sa Mamanki ta karanta min sau biyu. Kin ce ko da shuɗin ya mutu gaba ɗaya ma ba za ki ji haushi ba. Na gode, amma bai mutu ba. Mun yi yadda kika ce, mun rage masa haske, rassa biyu sun fara mayar da launi. Na ukun dai ya tafi.

Ba zan yarda a sake yi mana irin ta Talatar nan ba. Batirin mota don tayar da inji aka yi shi, ba don wuni yana ba da wuta ba. Na samo batirin sola mai jure dogon aiki, mutumin da ya haɗa wa Mai Kemis sola kuma ya ɗora mana farantin sola ɗaya a kan rufi. Na haɗa ɗan makunnin nan na mota mai sauya layi da kansa, in an ɗauke wuta sai famfo da fanka su koma kan batir ba sai da mutum ba. Jiya muka gwada. Na ce Mamanki ta kashe wutar gidan daga mita, ni ina gaban gilashi. Ƙas kawai na ji, ruwa bai ko numfasa ba. Sau biyar na sa ta maimaita, har ta ce in wasa nake so in faɗa.

Uwata, akwai maganar da ban taɓa faɗa muku ba. Tun da na kwanta ciwo nake jin kaina kamar kujerar falo, a share ta, a gyara mata zama, a wuce. Kuna yi ne don ƙauna, na sani, shi ya sa na yi shiru. Makon nan kuwa da asuba nake tashi da lissafin waya a kaina. Likita ya matsa hannuna ya ce wane magani na canza. Na ce masa murjani, ya rubuta wani abu a kati, ina jin ya ɗauka kaina ne ya taɓu.

Aiki har ya fara zuwa. Na gyara wa Mai Kemis wayar firiji, na duba wa Tela janareta. Duk inda yatsu suka gaza, Mamanki ce hannu. Ta kai yanzu filayata tana kwana a jakarta, sai na roƙa.

Ɗazu da hantsi matar Tela ta yi sallama, rungume da fankarta da ta daina juyawa. Na miƙe ina gyara hula, na ce ta ajiye a nan in duba. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Baba, yi zamanka, wurin Mama na zo."

Suna tsakar gida yanzu haka sun kwance fankar. Na ji Mamanki tana cewa ja da ja, baƙa da baƙa. Bari in ajiye biro in je in tsaya kusa, ko za a neme ni.

Allah ya dawo mana da ke lafiya, ya ba ki sa'a.

Ni ne mai ƙaunarki,
Babanki