Taswirar Yayana Tana Kai Masu Saye Bakin Kwata

Anti Hawa'u, don Allah ki taimake ni, ban taɓa gaya wa kowa ba. Shekaruna sha huɗu, bara na gama firamare. A unguwar New Bell muke, Innarmu tana yin dambun nama na sayarwa.

Yayana Salman ya yi kwas ɗin kwamfuta na wata uku a Akwa. Tun da ya dawo kalma ɗaya ce a bakinsa, wai "spatial". Ya ce ma'anarta daban a kwamfuta, daban a taswira, daban a sauti, kuma kaina ba zai ɗauka ba. Sai ya sa gidanmu a taswirar waya don masu saye. Anti, alamar ta faɗa tsallaken babbar kwata, bayan bangon wani gareji. Kullum 'yan bensikin, wato masu babur ɗin haya, suna sauke masu saye a can, su kuma su kira Inna a waya suna faɗa. Ni ake aika in taho da su, ni da ko gaisuwa sai na yi gumi. Wata hajiya daga Kotto ta zame, ruwa ya tafi da takalminta, ta rantse ba za ta dawo ba. Inna ta ce ni ce mai nawa.

Shi kuwa yana ɗaki da abin kunnensa, wai yana jin ganga ta hagu, sarewa ta bayan ƙeya. Kiran Inna ne kaɗai ba ya shiga ta ko'ina. Na san inda kuskuren yake, amma ina jin nauyin gyara wa babba. Yaya zan yi?

Mai Kunya, New Bell

'Yata, yayanki ba mugu ba ne, taimakon Inna ya nufa. Karatun wata uku ne ya fi kowane karatu hawa kai. Sai dai mutumin da ya san ma'ana uku bai san gefen kwatar da aka haife shi ba, abin a duba ne. Ke ma da naki laifin: shirunki yana korar masu saye.

Kada ki tona shi a gaban Inna. Gobe in mai saye ya kira, ki roƙe shi ya raka ki, ki ce Faransancinsa ya fi naki. Bar shi ya bi wayarsa, ki bi bayansa shiru. Idan ya tsaya yana kallon bangon gareji, zai gyara, zai kuma ce shi ya gano. Ki bar masa. Bayan nan ki zauna da Inna, ki faɗa mata a hankali cewa ba ƙafarki ce mai nawa ba.

Allah ya buɗa wa Inna kasuwa, ke kuma ya buɗa miki baki.

Anti Hawa'u